Mai Tsani a Mataki na Bakwai

Kafin ka gan shi za ka ji shi. Tsanin ƙarfe ne ɗaure a gefen babur, ya fi babur ɗin tsawo gaba da baya, duk ramin da taya ta faɗa sai ya yi ƙara kamar an zubar da kwanuka. Shi ya sa ba wanda ya damu da ainihin sunan mutumin. Mai Tsani ake ce masa, har matarsa in tsokana ta motsa mata haka take kiransa. Sana'arsa ɗaura dish, wato farantin nan na ƙarfe da ake kafawa a gida ya kamo tashoshin talabijin daga tauraron ɗan'adam. Shekara ashirin da shida ya yi yana hawa rufin mutane, kuma in ka ɗaga kai a kowane layi na unguwar, cikin faranti goma bakwai aikin hannunsa ne.

Tun zamanin eriya ya fara, a hannun wani mutum da har gobe bai iya kiransa da wani suna ba sai Maigida. A lokacin tsawo shi ne komai. A haɗa bututu kan bututu, a ɗaure da waya ta kusurwa huɗu, wanda eriyarsa ta fi tsawo shi hotonsa ya fi fita. Maigida mutum ne mai rowar yabo. Iyakar yabon da ya taɓa yi wa yaron nasa shi ne sunan da ya laƙaba masa, Ƙadangare, saboda yadda yake bin bango ba ya neman abin riƙewa. Mai Tsani ya riƙe sunan nan a ransa fiye da duk wata takardar shaida da wani zai iya ba shi.

Da dish ya zo aikin ya canza, amma kan mutane bai canza ba. Duk mai sana'ar ya san dish ba ruwansa da tsawo. Abin da yake nema yana can ƙololuwar sama, nisan da in ka rage masa tsayin gida ɗaya kamar ka ɗebi cokali a kogi ne. Buƙatarsa kawai ya fuskanci inda ya dace, kada bango ko bishiya su tare masa gaba. In ka ga dama ka kafa shi a ƙasa kusa da famfo, hoton da zai kawo ɗaya ne. To amma wa zai sayi sabon faranti fari fat ya ɓoye shi bayan ɗaki? Mutum so yake maƙwabci ya fito da safe ya ɗaga kai ya gani. Sai ka ji mai gida daga ƙasa, hannu a kugu, yana cewa a ƙara sama, a ƙara sama, don ya fi kamawa. Masu ɗaurawa kuwa ba sa musu. Wanda ya hau can sama ya sauko yana gumi ya fi cika ido a kan wanda ya tsaya a ƙasa ya ɗaure noti huɗu.

Shi Mai Tsani ba don cika ido kaɗai yake hawa ba, son abin yake yi. A kan rufi akwai iska, kuma ba mai tambayarka komai. Zai kafa ƙafar farantin da kusoshi, ya rataya 'yar mitarsa mai fito in ta ji sigina, ya shiga juyawa kaɗan-kaɗan, hagu da dama tukuna, sannan sama da ƙasa. In fiton ya yi kaifi sai ya riƙe numfashi ya ɗaure notin bi da bi, domin in ka ƙure ɗaya da ƙarfi zai ja farantin kamar faɗin farce, hoto ya gudu. Yana naɗe bakin waya da tef saboda damina, yana kuma lanƙwasa ta ƙasa kafin ta shiga bango, don ruwan sama ya ɗiga waje maimakon ya bi ta zuwa bayan talabijin. In ya gama yakan zauna minti ɗaya ko biyu, ba don gajiya ba, don kawai wurin ya fi ko'ina yi masa daɗi.

Abin ya same shi wata Talata da hantsi, a gidan wani mai shagon magani. Bai faɗi ba, tsani bai zame ba, bai kwana da wani mugun mafarki ba. Ya jingina tsani kamar kullum, ya saɓa faranti a kafaɗa, ya hau mataki shida. Na bakwai shi ne inda kai yake wuce bakin rufi, mutum ya daina ganin bango a gabansa sai sarari. Ya ɗaga ƙafar dama, ƙafa ta ƙi. Ya ji kamar gidan gaba ɗaya yana karkata baya tare da shi. Ya sauko a hankali, ya ce ya manta sifana. Ya buɗe jaka ya yi ta lalube alhali sifanar tana aljihunsa. Ya sake hawa. A na shida ya sake tsayawa.

Mai gidan yana tsaye da kofin shayi yana kallonsa. Mai Tsani ya sauko, ya goge hannu a wando, ya ji bakinsa yana magana tun kafin ya shirya ta. Ya ce ai ya duba, wahalar banza ce a kai shi sama. Ga bangon nan na gefen garejin, daidai kafaɗa, babu abin da ya tare shi. A nan iska ba za ta riƙa kaɗa shi ba, in ya yi ƙura a goge da tsumma, in ya motsa a gyara ba tare da an karya wuya ba. Mai shagon magani ya yamutsa fuska kamar an ba shi maganin da bai yarda da shi ba. Amma da aka kunna talabijin hoto ya fito tar, ya ce shi dai bai taɓa sani ba.

Haka aka shiga. Wata ɗaya, wata uku, wata bakwai. Mai Tsani ya zama mai wa'azin dish a ƙasa. Yana kafawa a jikin katanga, a ƙarƙashin taga, a kan guntun bututu da aka zuba wa siminti a tsakar gida. Ya ƙware wajen nemo 'yar kafar sararin da za ta ishi faranti, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. In ya haɗu da mai taurin kai da ya dage sai sama, ko gidan da babu mafita sai rufi, sai ya ce aiki ya yi masa yawa wannan makon, a nemi wani. Tsanin kuwa yana nan ɗaure a babur, yana ta ƙararsa a layi, ana kai shi ana dawo da shi ba a kwance shi ba.

Abin haushin, suna ya yi. Mutane suka fara cewa ga mai aiki tsakani da Allah, ba ya wahalar da kansa don ya burge ka. Wani tsohon malamin makaranta ya tare shi a bakin titi, ya kama hannunsa a gaban jama'a, ya ce da kowane mai sana'a zai faɗi gaskiya kamar wannan bawan Allah da an huta. Mai Tsani ya yi murmushi ya yi godiya, amma maganar ta yi masa ciwo ƙwarai. Duk abin da yake gaya wa mutane gaskiya ne, babu ƙari ko na ƙwayar zarra. Sai dai shekara da shekaru gaskiyar tana aljihunsa bai fito da ita ba sai da ƙafa ta ƙi. Yabon da ake yi masa na tsoronsa ne, shi kaɗai ya sani, kuma ya gwammace a zage shi a kan a gane.

Matarsa ta gane, mana. Macen da ta shekara da shekaru tana wanke tsatsar kwano a gwiwar wando, tana shafa wa tafin hannu mai in zafin rufi ya ƙona shi, ba ta buƙatar a yi mata bayani. Wata rana tana ninke wanki ta ce, ba tare da ta dube shi ba, “Baban yara, wandunan nan naka sun daina ba ni aiki.” Ya ce sabon salo ne ya shigo, yanzu ƙasa ake yayi. Ta ce to, Allah ya sa salon ya daɗe. Ba ta ƙara ba, shi ma bai ƙara ba. Sau da yawa in ta fita unguwa da rana yakan jingina tsanin a bangon ɗakinsu ya gwada, yana yi wa kansa faɗa kamar mai korar akuya. Ya gwada da takalmi, ya gwada ba takalmi, ya gwada ido rufe. Shida ne, kullum shida.

Ana cikin haka aka yi wata iska mai ƙarfi da yamma, irin wadda ke kwashe wanki daga igiya ta kai gidan maƙwabta. Washegari matar Maigida, wadda yake kira Mama, ta buga masa waya ta ce talabijin ɗin babansa, wato Maigida, ya ɗauke.

Shekara tara ke nan Maigida yana kwance. Daga rufin wani sito ya faɗo, bayansa ya taɓu, daga kugu zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Mai Tsani ba ya wurin ranar. A asibiti Maigida ya ce masa kwanon rufin ne ya ruɓe ya burma da shi, shi kuma ya ɗauki maganar ya yaɗa ta gari, har da zagin mai siton a bayan ido, don kada wani ya ce gwani ya yi kuskure. Tun daga nan duniyar Maigida ta koma ɗaki ɗaya: gado, taga, kujerar Mama, da talabijin a bango daidai ƙafafunsa. Yana musu da masu karanta labarai kamar suna jinsa. Akwai wata tasha da ba ta nuna komai sai teku da kifaye, shi da bai taɓa ganin teku ba ya san sunayensu ya kuma san masu mugun hali a cikinsu. In talabijin ya ɗauke, abin da ya rage masa silin ne.

Gidan kuwa a 'yan shekarun nan benaye sun kewaye shi. Tun kafin abin nan ya same shi, da hannunsa Mai Tsani ya cire farantin daga inda yake, ya roƙi mai benen da ke jikinsu, ya kai shi can saman hawa na biyu. Sai an hau rufin ɗakin Maigida, a jawo tsani sama, a sake jingina shi, sannan a kai.

Ranar farko ya ce wa Mama yana da aiki a nesa. Rana ta biyu ya ce babur ya lalace. Rana ta uku ba ta kira ba, kuma shirun nan ya fi kiran nauyi. Ya tashi da hantsi ya tafi.

Ya gaida Mama a tsakar gida, ya leƙa ɗaki ya durƙusa ya gaida Maigida. Tsohon ya rame, amma idon yana nan da kaifinsa. Ya ce Ƙadangare, ashe ana ganinku. Mai Tsani ya yi dariyar dole, ya ce bari ya duba abin tukuna.

Bai fara da tsani ba. Ya ɗauko wani ƙaramin faranti da ya zo da shi, ya rataya mita, ya shiga zagaya tsakar gida. Ya gwada gefen famfo, ya gwada bakin ƙofa, ya gwada lungun da Mama ke ajiye bokitai. Ya ɗaga farantin sama da kansa, ya tsuguna da shi, har kan wata tsohuwar kujera ya taka. Mita ko tari ba ta yi ba. Duk inda ya kamata a ga sama, bangon bene ne da tagogin mutane. Mama tana tsintar shinkafa a inuwa tana kallonsa, ta tambaye shi ko wani abu ya ɓace masa. Ya ce a'a, aunawa yake yi.

Da dabara ta ƙare, ya kwance tsanin. Wurin jinginawa ɗaya ne a gidan, gefen tagar Maigida. Ya gyara ƙafafun tsanin sau uku, ya yi addu'ar da ya saba, ya hau. Ya ce wa kansa mutumin da ke kwance bayan bangon nan shi ya koya masa riƙe sifana, shi ya tsaya masa ranar aurensa, kwana uku ke nan yana kallon silin. Ya ce ko don kunya ƙafar za ta ɗaga. Ya kai na shida. Ya riƙe ƙarfen gam, ya sake gwada ɗaga ƙafar. Ƙafar ba ta san kunya ba. Bai san iya lokacin da ya ɗauka a wurin ba, ya dai lura Mama ta gama tsintar ta shiga kicin, kuma inuwar bango ta matsa.

Ya sauko ya shiga ɗaki, ya zauna a kujerar Mama. Ya fara da cewa daga inda ya hango, kamar idon farantin ne, abin nan mai kama sigina, ya fashe, sai ya je kasuwa ya nemo irinsa, kuma irin nasa ya yi wuya yanzu. Maigida bai dube shi ba, yana kallon talabijin ɗin da babu komai a cikinsa sai shuɗi.

“Shida na ƙirga,” in ji shi. “Tsanin nan kowane mataki da kukansa. Shida ka hau, shida ka sauko.”

Mai Tsani ya sunkuyar da kai. Ya nemi wata ƙaryar ya rasa, kuma ga mamakinsa ya ji ba ya ma son samun ta. Ya faɗa masa komai, tun daga gidan mai shagon magani, da farantan da ya yi ta kafawa a ƙasa, da yabon tsohon malamin, da gwajin da yake yi a gida in ba kowa. Ya ce ba ciwo ba ne, ba jiri ba ne, ya je an auna jininsa an ce lafiya. Ya ce shi dai bai san inda abin ya fito ba, kuma ya kasa yi wa ubangidansa aikin da bai fi na minti goma ba.

Maigida ya nemi a ɗaga masa filo, aka ɗaga masa. Sannan ya tambaya ko Mama tana kusa. Mai Tsani ya leƙa ya ce tana kicin.

“Kwanon siton nan lafiyarsa ƙalau,” in ji Maigida. “Bai ruɓe ba. Ni ne.”

Ya ba da labarin a hankali, yana hutawa tsakani. Shi ma haka ta zo masa, rana tsaka, ba dalili. Shekara biyu cur ya yi yana hawa da ita. Yakan cije baki ya tura jikinsa sama, in ya kai ya yi rarrafe in ba mai kallo, ya miƙe tsaye in akwai. Ga yara suna kallonsa, ga shi an san shi da cewa ba ginin da ya fi ƙarfinsa, da wane baki zai ce yana tsoro? Ranar siton mai wurin yana ƙasa yana kallo, sai ya miƙe tsaye. Gwiwa ta saki, shi ke nan. Ya ce ko Mama bai taɓa gaya wa ba, kuma bawan Allah mai siton ya sha zagin da bai ci ba.

“Ni na ji kunya na hau,” ya ce. “Ga inda ta kawo ni. Kai taka ƙafar ta fi tawa hankali, kana nan kana yi mata faɗa.”

Mai Tsani ya dubi ƙafafun da ke ƙarƙashin mayafi, sirara, shekara tara ba su taka ƙasa ba. Tausayi ya kama shi, da wani haushi da bai san wa zai ɗora wa ba, da kuma sauƙi, sauƙin da ya ji kunyar jinsa a gaban mutumin da ke kwance. Ya ce to talabijin ɗin fa. Maigida ya ce ai ba su biyu kaɗai Allah ya halitta da hannu ba, ya nemo mai gwiwa, shi kifayensa yake so ya gani.

Akwai wani mai irin sana'ar a bayan tashar mota, mutumin da Mai Tsani ya sha kushe aikinsa, yana cewa ba ya naɗe waya da kyau. Lambarsa tana wayarsa. Ya tashi zai fita waje ya kira, sai ya fasa, ya koma ya zauna a gefen gadon, ya buga daga nan. Aka ɗauka, aka gaisa, aka tambayi iyali da aiki. Ya ce akwai wani faranti a saman bene da iska ta juya, na ubangidansa ne, yana so a zo yau a gyara, akwai tsani a wurin, shi zai tsaya a ƙasa ya riƙe.

Mutumin ya yi dariya ta cikin waya, har Maigida yana ji. Ya ce yau kuma Mai Tsani ne ke neman mai hawa, ko dai ba ya jin daɗi ne?

Mama ta fito daga kicin, tana tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa. Mai Tsani ya gan ta, bai rage murya ba.

“Lafiyata ƙalau,” ya ce. “Tsoro nake ji. Ka zo da tef mai kyau.”